Kada Karatun Yaro Ya Jira Komawa Gida

Darasi daga Talata Mafara, Bakura da Maradun

Duk wanda ya taɓa karɓar baƙin da suka gudo daga garinsu ya san abin da ake fara tambaya. Ina za su kwana? Me za su ci? Wa ke da ciwo a cikinsu? Haka kuwa ya kamata. Amma akwai tambaya ta huɗu wadda muke yawan ajiyewa sai an natsu: ina yaran za su yi karatu? Iyaye su ce a bari sai an koma gida. Masu masauki su ce ai baƙi ne, kwana nawa za su yi. Damina ta wuce, wata ta zo, yaron yana nan yana tallan ruwa a tasha.

A wannan darasi za mu duba abin da ya sami makarantu a ƙananan hukumomi uku na Jihar Zamfara, da abin da ke hana yaran da suka gudo shiga aji a garin da suka sauka, da kuma abin da mutanen gari za su iya yi da ɗan abin da ke hannunsu. An shirya shi domin a karanta tare, ko a taron dattawa, ko a zumuntar mata, ko a ƙungiyar matasa. A karanta sashe ɗaya, a tsaya a tattauna, sannan a ci gaba.

ABIN DA YA FARU A 2021

Talata Mafara, Bakura da Maradun maƙwabtan juna ne a yammacin Jihar Zamfara. Ƙasar noma ce, ta gero da dawa da shinkafa, ga kuma noman rani da ruwan madatsar Bakolori. Cikin wata bakwai na shekarar 2021, 'yan bindiga sun shiga makaranta a kowace ɗaya daga cikin ukun.

• Jangebe, a Talata Mafara. Daren 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandaren kwana ta gwamnati. An sako 279 a ranar 2 ga Maris.

• Bakura. A tsakiyar watan Agusta aka kai hari da dare a Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi. An kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata.

• Kaya, a Maradun. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai sama da 70 daga sakandaren jeka-ka-dawo, da rana tsaka. An sako su kafin mako biyu ya cika.

Bayan na Jangebe, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun kwana. Bayan na Kaya kuwa, sai aka rufe makarantun jihar gaba ɗaya, aka kuma katse layukan waya. Sai a Janairun 2022 aka fara buɗe wasu makarantun, waɗanda ke wurare masu haɗari suka ci gaba da zama a rufe. Mu tuna kuma cewa a 2020 yaran nan sun riga sun yi watanni a gida saboda cutar korona.

Wannan masifa ba ta zaɓen addini. A Yulin 2021 an kwashe ɗalibai sama da 120 daga makarantar Bethel Baptist kusa da Kaduna, a Nuwamban 2025 kuma aka kwashe ɗaruruwa daga makarantar St Mary ta Papiri a Jihar Neja. Kukan uwa a Jangebe da kukan uwa a Papiri iri ɗaya ne.

Duniya ta ji labarin yaran da aka sace, an ƙirga su, an yi murna da dawowarsu. Amma akwai waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba, waɗanda ba wanda ya ƙirga. Su ne yaran ƙauyukan da malami ya daina zuwa saboda hanya ta lalace, daga baya kuma ƙauyen ya watse, kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka ya nufi gari. Ba a sace su ba, don haka ba a ji sunansu a rediyo ba. Su ne wannan darasi yake magana a kansu.

SU WANE NE WAƊANNAN YARA?

Da Hausa duk 'yan gudun hijira muke kiransu, amma doka ta raba su gida biyu.

Akwai waɗanda suka ƙetare iyakar ƙasa. Tun daga 2019, dubun dubatar mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun shiga jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, tare da gwamnatin Nijar, ta janye wasunsu daga bakin iyaka zuwa garuruwa irin su Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka gina azuzuwa domin baƙi da 'yan gari su yi karatu tare. Yaran sun tarar da masu masaukinsu Hausa suke ji, amma karatun aji da Faransanci ake yin sa. Wanda ya kai aji huɗu a Najeriya sai ya koma kamar ɗan fari. Rahoton UNHCR na 2023 ya nuna cewa a duniya baki ɗaya, fiye da rabin yaran 'yan gudun hijira da suka isa makaranta ba sa zuwa.

Akwai kuma waɗanda ba su bar ƙasarsu ba, kuma su ne suka fi yawa a Zamfara. Suna zaune a gidajen dangi, da kangaye, da gine-ginen da ba a gama ba, wani lokaci ma a cikin azuzuwan makaranta. Da yake yawancinsu ba a sansani suke ba, babu ƙofa ɗaya da ake rubuta sunansu, babu kuma wanda aka ɗora wa alhakin karatun 'ya'yansu. Akwai Hausawa manoma a cikinsu, akwai kuma Fulani makiyaya waɗanda aka kore wa shanu ko aka ƙone wa ruga.

Dattawan wannan yanki sun san ɗacin tashi tun kafin 'yan bindiga. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ruwa ya cinye gonaki da gidaje, aka tashi dubban mutane, ba su kuma koma tsohon mazauninsu ba. Wanda ya bar gida ba shi ne yake yanke ranar komawa ba.

MU YI LISSAFI

A ce yarinya tana da shekara 8, tana aji uku a 2021 sa'ad da ƙauyensu ya watse. Iyayenta suka ce a jira. A 2022 sa'o'inta suna aji huɗu, a 2023 aji biyar, a 2024 aji shida. A 2025 sun shiga ƙaramar sakandare, ita kuwa tana da shekara 12, ɗan baƙin da ta iya ma ya gudu. Ta yi girma da zama cikin 'yan aji uku, ba za ta kuma iya karatun sakandare ba. Nan ba da jimawa ba za a fara maganar aurenta.

Idan namiji ne, zai shiga dako a kasuwa, ko ya bi manya zuwa ramin haƙar zinariya. Mun san abin da gubar dalma ta wuraren haƙa ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, inda ɗaruruwan yara suka mutu. Yaron da ba shi da aji, ba shi da gona, ba shi da sana'a, shi ne kuma masu bindiga suka fi sauƙin ruɗa.

Ba a daren gudu yarinyar nan ta rasa karatunta ba. A garin da ta sauka ta rasa shi, wata bayan wata, wataƙila ma da makaranta a bayan gidan da take kwana. Wannan shi ne ɓangaren da yake hannunmu. Ba mu da ikon tsayar da harbi a daji, amma muna da ikon raka yaro daga ƙofar gida zuwa ƙofar aji.

ABIN DA DOKA TA CE

Yana da kyau mu san waɗannan kafin mu je gaban kowane jami'i.

• Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da UBE, ta ce karatun shekara 9 na farko, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro a Najeriya. Ba ta ware ɗan gari da baƙo ba.

• Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla, Najeriya kuma ta amince da ita a 2012, ta ɗora wa gwamnati kula da waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasa, har da iliminsu.

• Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta ce a karatun firamare, yaron da ya ƙetare iyaka a ba shi abin da ake ba ɗan ƙasa.

• Najeriya tana cikin ƙasashen da suka karɓi alkawarin kare makarantu da aka fitar a birnin Oslo a 2015. An yi babban taron duniya a kansa a Abuja a Oktoban 2021.

• A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Zamfara.

Saboda haka idan mun kai yaro wurin hedimasta, haƙƙinsa muke nema masa. Sai dai doka a takarda take. Ba ta da ƙafar da za ta je gidan gwauruwa mai 'ya'ya biyar ta kama hannun yaro. Mutum ne zai yi wannan.

SHINGAYE BAKWAI

1. Takarda. Wanda ya fita da dare ba ya tsayawa neman katin sakamako ko takardar haihuwa. Takardar canjin makaranta kuwa, wa zai rubuta ta alhali makarantar a rufe take, malamin ma ya gudu? Iyaye da yawa ba sa ko gwada zuwa, don sun ɗauka za a kore su.

2. Ƙananan kuɗi. Babu kuɗin makaranta, amma akwai yunifom, takalmi, littafin rubutu, fensir, da ɗan abin da ƙungiyar iyaye da malamai take karɓa. Ga mai gona ƙaramin abu ne. Ga wanda ya bar rumbunsa a baya, abincin kwanaki ne.

3. Yunwa da aiki. Manomin da ba shi da gona, 'ya'yansa ne suke ciyar da gida: talla, itace, ɗiban ruwa, aikatau, bara. Ranar kasuwa ta fi kowace rana kawo kuɗi. Uwar da ta hana yaro zuwa aji sau da yawa ba ƙin karatu take yi ba, tukunya take dubawa.

4. Shekaru da kunya. Yaro mai shekara 13 ba zai zauna a ƙasa da 'yan shekara 7 suna yi masa dariya ba. Zai zo kwana biyu ya daina.

5. Cunkoso. Makarantar gari dama a cike take. Idan baƙi suka ƙaru, malami ɗaya ba ya iya sanin sunan kowa, balle ya lura da wanda aka bari a baya.

6. Tsoro. Bayan Jangebe da Kaya, ba za mu ce wa uwa tsoronta banza ne ba. Yaran ma suna ɗauke da abin da suka gani. Wani ba ya barci, wani yana fitsarin kwance, wani ya daina magana, wani ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa shi ya ruga.

7. Gori. Yara suna maimaita abin da suka ji a gida. Idan ana kiran yaro ɗan gudun hijira a filin wasa, ko ana ce wa ɗan Bafulatani ɗan ɓarayi, ba zai koma ba.

Mu lura: a cikin bakwai ɗin nan, babu wanda yake bukatar a jira mota ta zo daga Gusau ko Abuja kafin a fara rage shi.

MATAKAN DA ZA MU ƊAUKA

Na ɗaya, mu ƙirga yaran. A nemi izinin mai unguwa ko dagaci. Mutum biyu su bi gida-gida, ɗaya mace ce, domin ita ce za ta shiga wurin iyaye mata. A ja layi a littafin rubutu: suna, shekaru, garin da ya fito, ajin da ya tsaya, shekarar da ya tsaya, da abin da ya hana shi zuwa yanzu. A rubuta har da yaran gari da ba sa zuwa makaranta. Idan aka taimaki baƙi aka tsallake 'ya'yan matalautan gari, an shuka gaba. Littafin ya zauna a hannun mutum ɗaya amintacce, kada a ɗauki hotonsa a tura wa kowa.

Na biyu, mu zauna da iyaye. A saurara kafin a ba da shawara. A tambaye su lokacin da za su iya sakin yaro, da wanda suka yarda ya koyar da shi. A nemo shugabanninsu, domin ƙauye ko ya watse, mai garinsa da limaminsa da ungozomarsa suna nan a cikin mutane. A sa su cikin kwamiti tun ranar farko.

Na uku, mu je makaranta da kanmu. Zuwa da kai ya fi aike. Makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, wanda ya haɗa iyaye, malamai da shugabannin gari. A je da jerin sunaye, a roƙi abu huɗu: a karɓi yaro ko ba takarda, a gwada shi a sa shi ajin da ya dace, a ɗaga masa ƙafa a kan yunifom har zango ɗaya, idan aji ya cika, a duba yiwuwar karatun yamma. Mai garin da suka fito, ko wani malaminsu na da, zai iya rubuta shaidar ajin da yaro ya kai. Idan abin ya fi ƙarfin hedimasta, a wuce wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Takardar haihuwa kuwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take bayarwa, sai a tara iyaye a je tare.

Na huɗu, mu haɗa hannu a kan kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowane gida akwai yunifom da ya yi wa yaro kaɗan. A tattara, a wanke, tela ya gyara. Da kaka kowane gida ya kawo mudu ɗaya ko biyu, ko a yi gonar gayya. Kofin kunu da safe yana riƙe yaro a aji fiye da dogon wa'azi ga uwarsa. A riƙa karanta lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a kowane wata.

Na biyar, mu buɗe ajin share fage ga waɗanda suka daɗe a gida. Za mu yi bayaninsa a ƙasa.

Na shida, mu bi sawu. Rubuta suna a rajista somin-taɓi ne. A raba yaran, kowane babba ya ɗauki biyar. Idan yaro ya yi kwana uku bai je ba, a leƙa gidansu a gaishe su, a ji dalili. Idan iyalin za su sake tashi ko za su koma gida, a karɓar wa yaron takarda daga hedimasta kafin su tafi.

YADDA ZA A GUDANAR DA AJIN SHARE FAGE

Wata ƙungiya ta ƙasar Indiya mai suna Pratham ta fito da hanya mai sauƙi wadda yanzu ake amfani da ita a ƙasashen Afirka da dama, har da arewacin Najeriya. Asalinta shi ne a raba yara bisa ga abin da suka iya, a bar maganar shekaru da ajin da suka ce sun kai.

A ɗauki kwali a rubuta abu huɗu da Hausa: baƙaƙe da wasula guda goma, kalmomi gajeru guda goma, jimloli huɗu masu sauƙi, da ɗan labari. A kira yaro shi kaɗai, a zauna kusa da shi, a gaya masa ba jarrabawa ba ce. A fara da jimloli. Idan ya karanta, a ba shi labari. Idan ya kasa, a sauko kalmomi, idan ya kasa a sauko baƙaƙe. Minti biyar ya isa. Haka za a yi da lissafi: gane lamba, tarawa, ɗebewa. Daga nan a kasa su uku: masu koyon baƙi, masu haɗa kalma, da masu karanta labari. A sake gwadawa bayan kowane wata, wanda ya ci gaba a matsar da shi.

• Harshe. A fara da Hausa. Yaron da ya iya karanta harshen da yake ji ya fi saurin kama Turanci. Akwai littattafan koyon karatu da Hausa da aka yi a shirin RANA, wanda UNICEF ta tallafa a Zamfara da Katsina daga 2015. A tambayi malaman firamare ko suna da su.

• Lokaci. Awa biyu a rana ta isa, a lokacin da iyaye mata suka zaɓa. Kada ya ci karo da makarantar allo ko Islamiyya, kada kuma a yi gasa da ranar kasuwa.

• Kaya. Ƙasa allo ce, tsinke alƙalami ne. Gawayi da kwali suna yin katin baƙaƙe. Karan dawa da aka ɗaure goma-goma yana koyar da gomomi da ɗaiɗai.

• Malamai. A duba cikin baƙin kansu. Sau da yawa akwai mai takardar NCE, ko wadda ta gama sakandare, zaune ba aiki. Akwai kuma malaman da suka yi ritaya a gari. A ba su ɗan abin sabulu daga asusu.

• Horo. Ban da bulala. Yaron da ya ga an harbi mutum ba ya bukatar ƙarin tsoro. A fara kowace rana da wasa, a riƙe lokaci ɗaya da wuri ɗaya, domin sanin abin da gobe za ta kawo yana kwantar wa yaro hankali. Kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani. Idan ya fara da kansa, a saurara. Wanda damuwarsa ta ƙi raguwa, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Ajin nan gada ce zuwa makarantar gwamnati, inda ake samun takardar shaida. Bayan wata uku zuwa shida a miƙa yaro can. Ga manyan yara, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta fitar da manhajar gaggawa domin masu shekara 10 zuwa 18, wadda ta dunƙule karatun shekara tara zuwa mataki uku. A tambayi sakataren ilimi ko hukumar yaƙi da jahilci ko akwai cibiyarta a kusa.

TSARO DA AMANA

Rigakafi ya fi magani. Karatu da rana kawai, a cikin gari, kusa da gidaje. Ƙananan azuzuwa uku a unguwanni uku sun fi babban taro ɗaya. Kada yara su kwana a wurin. Su riƙa tafiya a ƙungiya, da babba a gaba ko a baya, musamman 'yan mata. Kowane yaro ya san inda zai bi da gidan da zai shiga idan aka ji harbi, a kuma gwada hakan kamar wasa. Idan labari ya zo cewa gari ba lafiya, a tashi aji ba tare da gardama ba. Kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe, ko wane ne shi.

Sai maganar amana. Yawancin waɗanda suka gudo a wannan yanki Musulmi ne. Majami'armu tana iya zama babu kowa daga Litinin zuwa Juma'a, ga benci ga inuwa, amma wataƙila iyaye ba za su saki jiki da ita ba. Kada mu ji haushi. Zauren mai unguwa, ko ajin firamare da yamma, ko gindin bishiya duk sun isa, mu kai bencin can. A gaya wa iyaye tun farko abin da za a koyar, wato karatu, rubutu da lissafi, kuma kada a ƙara komai a ɓoye. Ƙofa ta zauna a buɗe ga duk uban da yake so ya zo ya gani. A gayyaci liman cikin kwamiti. Wanda yake cikin bukata ba shi da ƙarfin cewa a'a, shi ya sa bai kamata a ɗaura wa taimako wani sharaɗi ba. Ranar da aka ji cewa an yi amfani da aji an juya ɗan wani, ranar ce ajin zai mutu, kuma yaran ne za su yi asara.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Iyalai nawa ne suka sauka a garinmu cikin shekara biyar da suka wuce? Mun san sunayen 'ya'yansu?

2. A cikin shingaye bakwai, wanne ya fi tsayi a nan? Wanne za mu iya rushewa cikin wata ɗaya ba tare da kuɗin waje ba?

3. Waɗanne kalmomi 'ya'yanmu suke ji a bakinmu game da baƙi, da kuma game da Fulani? Me suke kaiwa filin wasa?

4. Uwa ta ce idan 'yarta ta bar talla ba za su ci abinci ba. Me za mu ce mata, me kuma za mu yi?

5. Wa ke wakiltarmu a kwamitin makarantar garinmu? Akwai ko mutum ɗaya daga cikin baƙi a ciki?

6. Da mu ne muka gudu, me za mu so masu masauki su yi wa 'ya'yanmu a watan farko?

AIKIN WANNAN MAKO

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sun kuma ce ɗa na kowa ne. Kafin taro na gaba, kowannenmu ya gaishe da gida ɗaya na baƙi, ya dawo da sunan yaro ɗaya da ba ya zuwa makaranta, da ajin da ya tsaya, da dalili. A zaɓi mutum uku, aƙalla ɗaya mace, su sa ranar ganin hedimasta. Muna fatan zaman lafiya ya dawo Zamfara, kowa ya koma gonarsa. Idan ranar ta zo, yaron ya koma gida da karatunsa a kai da takardarsa a hannu.